Gwaji ya nuna ina da HPV, na kasa haɗa ido da maigidana

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 36, ina da 'ya'ya huɗu, kuma ni ce uwargida. Shekara uku da suka wuce maigidan ya ƙara aure, ya auro bazawara. Watan jiya ƙungiyarmu ta mata ta kai mu gwajin bakin mahaifa kyauta. Da sakamako ya fito sai nas ta ja ni gefe ta ce an ga ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 a jikina, in dawo a ƙara duba ni. Har yau ban koma ba. Na shiga waya na karanta cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, tana kawo kansa, wato ciwon daji, kuma har a baki da dubura ana samunta. Anti, wallahi ban taɓa sanin wani namiji ba sai mijina. To daga ina ta zo? Ko dai shi yake neman mata, ko amaryarsa ce ta shigo mana da ita. Tun ranar nake ƙirƙiro uzuri duk ranar girkina, har ya fara fushi, ni kuma na kasa faɗa masa don tsoron kada ya juya maganar kaina. Ina fama da basir tun haihuwata ta biyu, wani lokacin har da jini, yanzu gani nake kansa ce. Ko ƙaiƙayi maƙogwarona ya yi sai gabana ya faɗi. Na ware kofina da cokalina daga na yara. Shin in tilasta masa ya je a gwada shi, shi da ita, don a gane mai laifi? Ni ma in je a gwada bakina da duburata? Sannan 'yata ta fari shekararta 12, lokacin da masu rigakafi suka je makarantarsu na hana a yi mata. Ki taimake ni da shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan nauyi da kika ɗauka ke kaɗai wata guda cur, ba ki da wanda kika iya buɗe wa cikinki. Kafin mu shiga komai, ki mayar da kofinki da cokalinki cikin na yara yau ɗin nan. Wannan ƙwaya ba ta bin kofi ko kwano, ba ta bin buta, ba a ɗaukarta a masai, kuma rungumar 'ya'yanki ko cin abinci kwano ɗaya da su ba zai sa musu komai ba. Sannan ki riƙe abu biyu da kyau. Takardar da aka ba ki ba ta ce kina da kansa ba, cewa ta yi an ga ƙwayar da ka iya kawo ta idan aka bar ta shekara da shekaru ba a kula ba. Kuma HPV daban, HIV daban. Haruffan ne suka yi kama, amma ba dangin juna ba ne ko kaɗan.

HPV bairos ne da ke zama a fata da kuma tattausar fatar cikin gaba, dubura da maƙogwaro. Nau'insa ya haura 200. Yawancinsu ba su da wata illa, wasu kamar na 6 da na 11 su ke sa 'yan tsiro-tsiro a al'aura, sai kuma kamar 14 da likitoci ke sa wa ido domin su ne ke da alaƙa da kansa. Yawansa a cikin mutane ya wuce tunaninki: kusan duk wanda ya taɓa saduwa, mace ko namiji, zai gamu da wani nau'insa a wani lokaci na rayuwarsa, akasari ba tare da ya sani ba, don ba ya sa zazzaɓi, ba ya sa ƙaiƙayi, ba ya sa zubar ruwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka kamu, garkuwar jikinsu ce ke kawar da shi cikin shekara biyu ba tare da sun sha ko ƙwaya ɗaya ba. Da za a gwada duk matan unguwarku, da kin sha mamakin yawan waɗanda takardarsu za ta fito irin taki, har da waɗanda ake yi wa shaidar kamun kai.

Amma ba zan rarrashe ki da rabin gaskiya ba. Nau'i na 16 shi ne wanda aka fi kaffa-kaffa da shi. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano shi a cikin naman kansar bakin mahaifa a 1983, ya gano na 18 a shekara mai bi mata, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan biyun su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa a duniya, kuma na 16 ya fi sauran naci, bai cika saurin barin jiki ba. Shi ya sa nas ɗin ta ce ki dawo. A duk abin da kika rubuto, jimlar da ta fi tayar mini da hankali ita ce "har yau ban koma ba". Ba batun maigida ba, ba batun amarya ba.

Abin da aka yi miki ranar nan shi ne an goga ɗan burushi ko tsinken auduga a bakin mahaifa, aka kwaso ƙwayoyin fatar wurin, aka sa su a na'urar da ke neman ƙwayar halittar bairos ɗin. Na'urar ta iya cewa yana nan ko ba ya nan, ta kuma faɗi nau'insa. Ba ta iya cewa ya yi ɓarna ko bai yi ba. Wannan sai an duba da ido. Idan kika koma, za a buɗe gabanki da ɗan ƙarfen da aka saba, a shafa ruwan khal mai rauni a bakin mahaifa, a jira kamar minti ɗaya. Inda fata ta fara canzawa yakan yi fari. A wasu asibitocin da na'ura mai ƙara girman abu ake dubawa, wani lokacin a ɗan gutsuri naman wurin a kai ɗakin gwaji. Idan an ga wurin ya fara canzawa, ko likita ya ga dacewar a yi maganin tun yanzu saboda nau'in da aka gani, akan ɗora wani ɗan ƙarfe mai zafi a wurin na 'yan daƙiƙu ya kashe fatar saman, ko a daskarar da ita da iskar gas mai sanyi, ko a yanke ɗan wurin da siririyar waya mai lantarki idan ya yi faɗi. Ba a kwantar da mace saboda wannan, ba a cire mahaifa, kuma ƙonawar ko daskararwar ba ta hana haihuwa. Bayan shekara guda a sake gwada ki.

Lokaci yana tare da ke, shi ne abin godiya. A jikin mace mai ƙarfin garkuwa, daga kamuwa da bairos ɗin zuwa ya zama kansa yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Duk da wannan dogon zango, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2020 kaɗai mata kusan 12,000 aka samu da kansar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 kuma suka rasu. Mafi yawansu ba su taɓa samun damar da kika samu ba. Sai da jini ya ƙi tsayawa, ko wari ya fara fita, sannan aka kai su asibiti, lokacin da abu ya riga ya yi nisa. Ke kuwa an hango abin tun bai ce komai ba. Don haka cikin makon nan ki koma inda aka gwada ki da takardarki a hannu. Idan masu gwajin sun tashi, ki nufi sashen mata na babban asibitin jiharku, ko asibitin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato ko na Maiduguri, wanda ya fi miki kusa. Idan kina ganin jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada da al'ada, ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

Yanzu ga abin da ke cin zuciyarki: wa ya kawo ta? Na yarda da rantsuwarki ɗari bisa ɗari. Amma ki sani gwajin nan ba ya faɗin ranar da ƙwayar ta shiga jiki, ba ya faɗin daga wa ta fito, ba ya faɗin ta wace hanya. Bairos ɗin yana iya lafewa a cikin fata shekaru masu yawa kamar garwashi a ƙarƙashin toka, gwaji ma ya kasa ganinsa, sai garkuwar jiki ta ɗan yi rauni saboda shekaru ko ciki ko wata jinya sannan ya sake bayyana. Ke kuma wannan ne gwajinki na farko a rayuwa. Babu wata tsohuwar takarda da za a ɗauko a ce ga shi shekara huɗu baya ba ki da ita. Tana iya zama ta bara, tana iya zama tun farkon aurenku.

Ki kuma dubi yadda zaman aurenmu yake. Namiji ya auri mace, su rabu, ta yi idda ta auri wani, shi ma wancan yana da wata matar a gida wadda ita ma ta taɓa aure. A wannan sarƙa babu wanda ya saɓa wa Allah, kowa da sadakinsa da shaidunsa, amma ƙwayar da ba ta nuna alama tana iya bi ta shimfiɗar halal daga gida zuwa gida har ta iso gare ki. Idda tana tabbatar da babu ciki, ba ta wanke bairos. Kaciyar da mazanmu ke yi tana rage kamuwa, gwaje-gwajen da aka yi a Yuganda sun tabbatar da haka, amma ragewa take yi, ba ta toshewa. To yana yiwuwa ta hannun amarya ta zo, daga tsohon mijinta, ita ma baiwar Allah ba ta san tana ɗauke da komai ba. Yana yiwuwa kuma maigidan ya daɗe da ita tun kafin ya san amaryar, ta yadda daga ɗakinki ma ta tafi nata. Ba na ce miki namiji ba ya cin amana ba, ni ma a garin nan nake zaune. Abin da nake cewa shi ne wannan takarda ba hujja ba ce. Idan kina da wasu dalilai na daban da suka sa kike zarginsa, saƙonni a waya ko daren da ba ya kwana gida, wannan magana ce mai zaman kanta, a yi ta da nata hujjojin. Idan kuwa takardar nan ce kaɗai madogararki, kin san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma kin san nauyin da addini ya ɗora wa jifan mace da alfasha ba tare da shaidu ba.

Na kuma lura da wani abu a wasiƙarki, ki yi haƙuri in faɗa. Sunan amarya ya zo miki a baki da sauri. Wannan ba laifi ba ne, mace ce ke, an yi miki kishiya bayan shekaru kina gina gida, kuma irin wannan ciwon ba ya warkewa don kawai an daina maganarsa. Sai dai kada tsohon ciwo ya ari bakin sabuwar takarda. Idan akwai abin da ke damunki game da adalci a kwana ko a hidima, ki faɗe shi da sunansa a wani zama na daban.

Batun a tilasta masa gwaji, ki ajiye shi, domin ba zai kai ki inda kike so ba. Har yanzu babu gwajin HPV da aka amince a riƙa yi wa maza a asibiti kamar yadda ake yi wa mata. Gwajin jini ba ya nuna ta. Masu bincike kan goga auduga a fatar al'aurar namiji, amma sakamakon kan canza daga wata zuwa wata. A ce an gwada shi ba a ga komai ba: wataƙila jikinsa ya riga ya kawar da ita bayan ta shige naki, sai ga shi kin miƙa masa sandar da zai doke ki da ita. A ce kuma an gani: me ya tabbatar? Mata da mijin da suka shekara goma sha suna shimfiɗa ɗaya dama ana sa ran su yi tarayya a kanta. Ko ta ina aka juya, gwajin ba zai fitar da mai laifi ba, sai dai ya ƙara wa gida wuta.

Sai baki da maƙogwaro. Gaskiya ne ana samun HPV a can, kuma nau'i na 16 yana iya kawo kansa a can cikin maƙogwaro da tushen harshe, abin da ya fi yawa a maza fiye da mata, musamman masu shan taba. Masu bincike suna gano ta ta hanyar ba mutum ruwa ya kurkure baki har maƙoshi ya tofar a kwalba, a kai ɗakin gwaji. Amma likitoci ba sa yi wa mai lafiya wannan gwaji, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne. Bakin mahaifa wuri ne da ido ke kaiwa, yana da matakin canjin fata da ake gani kafin kansa, kuma akwai abin yi idan an gani. A maƙogwaro kuwa ƙwayar a cikin 'yan ramukan nama take ɓuya, babu wani farin tabo da za a hango a ƙone tun da wuri. Ko an ce miki tana bakinki, babu magani ko aikin da za a yi miki, sai dai ki koma gida da ƙarin fargaba, alhali mafi yawan irin wannan kamuwa da kanta take wucewa. Samunta a bakin mahaifarki kuma ba ya nufin tana bakinki. Abin da ya kamata ku kula da shi, ke da maigidan duka, shi ne ƙullutu a wuya wanda ba ya zafi kuma ba ya tafiya, ciwon maƙogwaro ko na kunne ɓangare ɗaya, wahalar haɗiya, dishewar murya, ko gyambon baki da ya haura mako uku bai warke ba. Wannan sai a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ƙaiƙayin da mura ko ƙurar hunturu ke sawa na kwana biyu ba ya cikin lissafi.

Maganar dubura ita ce nake so mu ɗan tsaya a kanta, don a nan kunya ke cutar da mata da yawa. Da an ce an samu ƙwayar a wurin, sai tunanin mutane ya tafi ga saduwa ta inda Allah ya haramta. Ba lallai ba ne ko kaɗan. Gaba da dubura maƙwabta ne, 'yar tazara ce tsakaninsu, kuma bairos ɗin fata yake bi. Hannu wajen tsarki ko ruwan gaba da ya gangara ya isa ya kai shi can. Wani babban nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara bayanan dubban mata daga ƙasashe daban-daban, ya gano cewa a cikin matan da ba su da HIV amma suke da nau'i na 16 a bakin mahaifa, kusan huɗu cikin goma suna da shi a dubura ma. Don haka ko wata rana an gwada an gani, ba abin da zai sa ki sunkuyar da kai.

Shi gwajin wurin, da tsinken auduga ake yinsa kamar na gaba, in an ga alama a duba da na'ura mai ƙara girma. Amma ba kowa ake yi wa ba, domin kansar dubura ba ta da yawa a cikin jama'a. An fi ware shi ga masu HIV, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko wata gaɓa suke shan maganin danne garkuwa, da matan da suka taɓa samun canjin fata mai tsanani a al'aura. Wani bincike da aka yi a Amurka kan masu HIV, wanda sakamakonsa ya fito a 2022, ya nuna cewa magance canjin fatar dubura tun da wuri ya rage aukuwar kansar da fiye da rabi. Ke a yanzu ba kya cikin wannan rukuni. Idan nau'i na 16 ya ƙi barinki har kika haura 45, a lokacin sai ki tayar da maganar da likitanki.

Abin da ba zan bari ya wuce ba shi ne jinin nan. Mu komai ya fito ta ƙasa sunansa basir, a jiƙa saiwa a sha, a wuce wurin. Naki da ya faro daga haihuwa kuma ya daɗe haka, mafi rinjaye basir ɗin ne na gaske, irin wanda nauyin ciki da yunƙurin naƙuda ke bari. Amma ba a gane basir da suna, sai an duba. Ranar da kika koma asibiti ki ce wa likita kina ganin jini a bayan gida. Zai duba da ido, ya sa yatsa da safar hannu, cikin 'yan mintuna an gama. Kina da damar ki nemi likita mace, ko ki ce nas ta tsaya a ɗakin. Idan akwai ƙullutu mai tauri, ciwo da ba ya lafawa, ko bayan gida ya canza kama, kada ki rage masa komai.

A wannan zuwan kuma ki yarda a yi miki gwajin HIV, ba don ina zargin wani abu ba, sai don shi ke sauya duk lissafin da na yi miki. Mace mai HIV ta ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin kansar bakin mahaifa, zangon nan na shekara 15 zuwa 20 yakan taƙaita zuwa 5 zuwa 10, kuma ana fara yi mata gwajin bakin mahaifa tun tana 25, duk shekara uku zuwa biyar. Wadda ba ta da shi, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ta fara daga 30, duk shekara biyar zuwa goma idan sakamako ya fito lafiya. An sha yi miki gwajin HIV a awon ciki, wannan ma haka ne.

Maigida fa, dole ya sani. Ki dubi abin ta idonsa: wata guda matarsa tana guje masa ba dalili, shi ma yanzu yana can yana saƙa nasa zaton, kuma ba mamaki nasa ya fi naki muni. Ga shi kuma kina buƙatarsa, don kuɗin mota da na asibiti, don kuma idan aka yi miki aikin nan za a ce ku ƙaurace wa juna kamar mako huɗu har wurin ya warke, ruwa-ruwa yana fita a tsakanin. Wannan ba ya yiwuwa da uzurin ciwon kai. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara sun yi barci, ki fara da lafiyarki, kada ki fara da tambayar daga ina. Wani abu kamar: "Abban yara, ka yi haƙuri da yadda na canza kwanan nan, tsoro ne ya kama ni. Gwajin da muka je an ga wata ƙwaya da ke iya zama kansar mahaifa idan aka bar ta. An ce tana da yawa a jikin ma'aurata, tana iya daɗewa ba a sani ba, kuma ana maganin abin tun da wuri. Ina so ka raka ni mu ji daga bakin likita tare." Namijin da aka nemi ya yi rakiya daban yake da wanda aka gurfanar.

Ke kika san halin mijinki. Idan mai saurin hawa ne, wanda kike tsoron zai iya furta saki ko ya ɗaga hannu kafin ya gama ji, to kada ki faɗa masa ke kaɗai a ɗaki. Ki fara komawa asibiti da 'yar'uwarki ɗaya mai riƙon sirri, ki gaya wa nas ko likita damuwarki, ki roƙi su yi masa bayani da bakinsu ranar da zai zo. Sun saba da irin wannan, kuma maza da yawa sun fi karɓar magana daga mai farar riga. Idan har ya juya zargin kanki, amsarki ita ce wadda na ba ki game da shi: takardar ba ta nuna mai laifi, ba ta nuna shi, ba ta nuna ke. In abin ya ƙi lafawa, sai a sa babba guda mai hankali daga danginki ko malamin da yake jin nauyinsa. Amma kada maganar ta shiga zauren WhatsApp na dangi ko kunnen ƙawaye, don idan ta fita ba a iya dawo da ita, kuma kafin ta zagayo an mayar da HPV ta zama HIV.

Game da shimfiɗa, guje masa ba ya kare ki daga komai a yanzu, ba ya kuma kare shi. Duk abin da za ku ba juna kun riga kun ba juna. Kwaroron roba yana rage yaɗuwa amma ba ya rufe duk fatar da ke haɗuwa, don haka taimako ne, ba katanga ba. In dai ba likita ya ce ku dakata ba, ko saduwar tana sa ki jini ko zafi, babu dalilin lafiya da zai hana ki komawa turakarki. Idan zuciyar ce ba ta sauko ba tukuna, ki faɗa masa haka, ya fi uzurin ƙarya.

Ita kuwa abokiyar zamanki, haƙƙinta ne ita ma a duba ta idan ta kai shekarun gwaji, domin mijinku ɗaya. Ba wajibi ba ne ta san abin da takardarki ta ƙunsa, kuma ba daga bakinki ya kamata ta ji ba, don duk yadda kika tausasa murya za ta ji kamar tuhuma. Maigidan ne zai ce ya ga amfanin gwajin nan, yana so duk iyalinsa su yi. A wasu wuraren ma mace da kanta take ɗaukar samfurin da tsinken auduga a bayan labule ta miƙa, ba sai an buɗe ta ba, kuma sakamakon abin dogaro ne. Idan nata ya fito da ƙwayar, kada ki ce kin kama ɓarauniya. Idan ya fito babu, ita ma ba ta da bakin cewa ke ce. Ku biyun abu ɗaya kuke buƙata, a duba ku a kan lokaci.

Na san da zarar wata ta ji, za a fara kawo miki maganin sanyi, da na matsi, da na tsuguno a ruwan zafi, da jarkar da aka ce tana wanke mahaifa. Kada ki cusa komai a gabanki. Babu ganye ko ƙwaya ko allurar kemis da ke kashe wannan bairos, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake sha don sanyi ma ba sa taɓa shi. Abubuwan matsi kuwa suna iya ƙona fatar wurin su rikita abin da likita zai gani. Ki yi addu'arki, ki ci abinci mai kyau, ki nisanci hayaƙin taba da shisha, ki bar wa asibiti nasa aikin.

Saura 'yarki. Ba ke kaɗai kika hana ba, iyaye da yawa sun ji jita-jitar cewa allurar tana hana haihuwa suka ja baya. Tun 2006 ake amfani da wannan rigakafi a duniya, an yi wa miliyoyin 'yan mata, da yawansu yanzu iyaye ne, kuma bincike bai nuna tana taɓa haihuwa ba. Babu bairos mai rai a cikinta, kwaikwayon ɓawonsa ne kawai ake nuna wa garkuwar jiki don ta gane shi. A Ingila, binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna kansar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin 100 a matan da aka yi wa allurar suna 'yan 12 zuwa 13. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin gwamnati a watan Oktoban 2023, kyauta, allura ɗaya, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma wadda ake yi tana kare su daga nau'i na 6, 11, 16 da 18. Ke allurar ba za ta cire miki wadda ta riga ta shiga ba, domin rigakafi ce, amfaninta kafin a gamu da ƙwayar ne, wato tun kafin aure. 'Yarki tana cikin shekarun. Ki shawarci babanta a zaman da za ku yi, sannan ki kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku ki tambayi ranar da suke yin ta, ki tafi da katin rigakafinta idan yana nan. Allah ya ba ki lafiya, ya daidaita tsakaninku. Ki rubuto mini abin da likita ya ce bayan an duba ki.